Yadda Ake Ƙarasa Aikin Allura da Bargon Ƙyallaye a Gida Bayan Ƙaramar Tiyata

Tambaya ɗaya ta yawaita daga mata masu ɗinkin hula da zanen gado a Gusau, Ƙaura Namoda da Talata Mafara, har da maza masu aikin babbar riga. An sallamo mutum daga asibiti, likita ya ce a huta, ga aikin mutane a kwando an yi rabi an bar rabi, ga biki ko Sallah na matsowa. Shin ana iya ɗaukar allura, kuma ta ina za a fara? Ana iya ɗauka, da sharaɗin cewa raunin ne zai yanke yawan aikin kowace rana, ba ranar da aka yi wa mai kaya alkawari ba. Bayanin da ke tafe ya shafi ƙananan ayyuka irin su gyaran gwaiwa, cire ƙullutu a ƙarƙashin fata ko a nono, aikin basir, cire yanar ido, tsaga maruru, da cire afendis da ba ta fashe ba. Wadda aka yi wa tiyatar haihuwa ba ta cikin wannan lissafi, domin nata babban aiki ne, kuma jinyarsa ta fi tsawo.

1. A tambayi likita kafin a bar asibiti

Ko a Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau aka yi aikin, ko a Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ko a babban asibitin ƙaramar hukuma, kada a fito sai an faɗa wa likita ko ma'aikaciyar jinya sana'ar da ake yi. Kalmar "a huta" tana da faɗi, kuma likita ba zai san cewa a gida akwai keken ɗinki na ƙafa da dutsen guga na gawayi ba sai an gaya masa. A tambaye shi nauyin da aka yarda a ɗaga da tsawon makonnin hanin, da ranar da za a iya zama a miƙe na rabin awa, da ranar da za a iya taka keke, da ranar cire zare. Sannan a tambaya ko cikin magungunan da aka rubuta akwai mai sa barci.

Abin da aka saba ji shi ne, bayan gyaran gwaiwa ko aikin ciki ana hana ɗaga kaya masu nauyi na mako 4 zuwa 6, kuma likitoci da yawa kan sa iyaka a wajen kilo 5. Zaren da ba ya narkewa akan cire shi tsakanin kwana 7 zuwa 14 a jiki, na fuska kuwa tun wajen kwana 5. Bayan cire yanar ido ana hana sunkuyar da kai ƙasa, da murza idon, da barin ƙura ko ruwan wanka su shiga, kuma sabon tabarau ba a auna shi sai bayan mako 4 zuwa 6. Idan abin da likitanka ya faɗa ya saɓa da waɗannan, nasa za a bi, domin shi ya ga cikin raunin.

Gargaɗi: awa 24 na farko bayan allurar barci ba na aiki ba ne ko kaɗan. Hannu bai dawo daidai ba, hankali ma haka, ko da mutum yana jin garau. Haka nan duk ranar da aka sha maganin ciwo mai sa gyangyaɗi irin tramadol, a nisanci almakashi da reza.

2. A tantance abin da ke cikin kwando

Wanda ke jinyar majinyaci ya ɗauko kayan duka ya baza su a kan gado, majinyaci yana zaune yana nuni. A kasa su uku. Kashi na farko aikin cinya ne, wato abin da ake riƙewa a hannu ba tare da nauyi ba: jikin hula, rigar filo, wuyan riga ko aljihunta, ƙananan ƙyallayen bargo. Kashi na biyu aikin da ke bukatar mataimaki, kamar zanen gado mai faɗi ko babbar riga sukutum, wadda shaddarta kaɗai ta isa ta ja hannu ƙasa. Kashi na uku abin da sai an warke ko kuma a miƙa wa wani: duk aikin keke, shimfiɗa bargo a ƙasa, wanki da guga.

A cikin kashin farko, a fara da wanda ya fi kusa da ƙarewa, ba wanda mai shi ya fi matsa lamba ba. Kuma a nan nake da ra'ayi mai ƙarfi: kada a karɓi sabon aiki a lokacin jinya, komai daɗin kuɗinsa. 'Yan dubiya za su ga mutum a zaune da allura su ce ai ta samu sauƙi, a kawo yadi. Kuɗin magani ya ci aljihu, don haka ƙin karɓa yana da wuya, amma wanda ya karɓi kafin alƙalami ya ɗaure kansa da ranar da jikinsa bai amince da ita ba.

Masu kayan da ke hannu kuwa a kira su tun ranar farko, kafin su aiko. Magana gajera ta wadatar: "Hajiya, an yi mini aiki a asibiti, zanen gadon zai ƙara mako uku. Idan bikin ba zai jira ba, akwai wadda zan ba ta ta ƙarasa da irin hannuna." A ninka lokacin da aka saba ɗauka sau biyu kafin a faɗi sabuwar rana. Gara a ba da kaya kafin ranar da aka sa da a sake neman afuwa.

3. Kayan aiki da lissafin kuɗi

Idan tiyatar ta shiri ce, an san ranarta, a yi sayayya kafin a kwanta. Idan ta gaggawa ce, a aiki wanda ya san zare, a ba shi guntun zaren da ake aiki da shi tare da takardar da ke ɗauke da lambarsa. Kuskuren da ya fi ɓata aikin da aka yi rabi shi ne aika yaro kasuwar Tudun Wada da cewa "sayo jan zare". Ja iri-iri ne, kuma bambancin da ba a gani a ɗaki yana fitowa fili a filin Idi. Zaren Anchor da na DMC suna da lamba a jikin kowane ƙulli, kowane ƙulli yana da tsawon mita 8 da sili 6 da ake rabawa. A sayi abin da zai ƙarasa aikin a lokaci ɗaya, a ƙara ƙulli ɗaya ko biyu a kai.

Sauran kayan ƙanana ne. Ana bukatar allura fakiti ɗaya mai faɗin kafa, ƙaramin almakashi mai kaifi, tef na awo, allin tela, ƙaramin firam (zoben da ke miƙar da yadi) mai faɗin inci 5 ko 6, da abin sa wa yatsa na ƙarfe ko na fata don tura allura. Ƙari biyu da jinya ta wajabta su ne 'yar wayar zura zare a allura, musamman ga wanda aka taɓa idonsa, da maganaɗisu da aka ɗaura a kan sanda domin ɗauko allurar da ta faɗi ba tare da sunkuyo ba. Na tsohuwar lasifikar rediyo ya isa. Sai fitilar caji ko ta sola mai farin haske, da faranti mai baki da za a zuba komai a ciki.

Wajen kuɗi, a yi lissafi da yawan kaya kafin a tambayi farashi, tunda farashin yadi da zare yana motsawa daga wata zuwa wata. Allura, alli da abin yatsa ba su da tsada. Inda kuɗi ke tafiya wuri uku ne: yadin shafin bargo, zaren siliki idan aikin riga ne, da ladan waɗanda za su yi abin da majinyaci ya saba yi da kansa, wato tela mai keke, mai wanki da guga, mai wankin hula, da masu bugu. A cire wannan ladan daga ribar aikin tun yanzu, a san abin da ya rage. Ko ribar ta ragu da rabi, ba ta kai kuɗin komawa asibiti a sake ɗinke rauni ba.

4. A shirya wurin zama

Yawancinmu a kan tabarma muke aiki, ƙafa a miƙe, baya a lanƙwashe. Wannan zama bai dace da mai ɗinki a ciki ko a matsematsi ba, domin sauka ƙasa da tashi daga ƙasa su ne suka fi jan rauni. A samu kujera mai jingina wadda tafin ƙafa ke taɓa ƙasa idan an zauna, a sa filo a bayan ƙugu, a ɗora wani filon a kan cinya domin ya ɗago aikin zuwa kusa da ƙirji. Filon cinya yana da amfani na biyu: idan tari ko atishawa ta zo, sai a danna shi a hankali a kan raunin ciki. Wanda aka yi wa aikin basir ya fi samun sauƙi a kishingiɗe a gefe ɗaya, ko a kan matashi mai laushi na ɗan lokaci kaɗan. Wadda aka yi wa aiki a nono ko hammata ta tallafe gwiwar hannun wannan gefen da matashi.

Haske ya zo daga hagu ga mai aiki da dama, daga dama ga bahago, domin kada inuwar hannu ta rufe bakin allura. Hasken safe a bakin taga ko a inuwar rumfa ya fi kowace fitila. Farantin kaya da ruwan sha su kasance a kan tebur daidai gwiwar hannu, inda ba sai an miƙa ko an murɗa jiki ba.

Gargaɗi: a lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar Zamfara tana shiga ko'ina. Mai sabon aikin ido ya zauna a ɗaki, taga a rufe da labule. Kuma tsofaffin ƙyallaye da auduga suna tashin gari idan ana yanka su, don haka wani ya wanke su ya kakkaɓe a waje kafin su iso hannun majinyaci.

5. A tsara lokaci, a san alamun tsayawa

Daga rana ta biyu ko ta uku, idan likita bai hana ba kuma ciwo ya lafa, a fara da minti 15 sau biyu a yini. Idan an kwana lafiya, a ƙara zuwa minti 20 ko 30 sau uku. A mako na biyu ana iya kai wa awa biyu ko uku a yini, a rarrabe. Lokutan salla suna raba yinin da kyau: zama ɗaya da hantsi, ɗaya bayan La'asar, a bar tsakar rana don barci, a bar dare gaba ɗaya.

Dalilin yanka zaman gajere ya wuce gajiya. Bayan tiyata jini yana saurin daskarewa a jijiyoyin ƙafa idan mutum ya daɗe bai motsa ba, kuma aikin allura yana cinye lokaci ba a sani ba, sai a ce bari in ƙarasa wannan furen, awa biyu ta wuce. A sa ƙararrawar waya. Idan ta buga, a soke allura a mazauninta, a tashi a zaga tsakar gida, a sha ruwa. Ko ana zaune a riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa. Ido ma yana son hutu: kowane minti 20 a ɗaga kai a dubi abu mai nisa, kamar bangon gidan maƙwabta, na daƙiƙa 20.

Gargaɗi: kada a ƙara maganin ciwo domin a iya daɗewa a zaune. Ciwo ne ke sanar da cewa an wuce iyaka. Babba ba ya wuce giram 4 na farasitamol a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki.

A ajiye aiki a koma asibiti idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: jan da ke yaɗuwa a gefen rauni, kumburi mai zafi, mugunya ko wari, bakin rauni ya buɗe, jini ya jiƙa bandeji, ko zazzaɓi. A yankinmu kowane zazzaɓi sai a ce na cizon sauro ne a sayi magani a kemis, amma zazzaɓin da ya biyo bayan tiyata na likita ne. Kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo a sha-raɓa, ko numfashi ya yi wuya, ko ciwon ƙirji, waɗannan ba sa jiran wayewar gari. Mai aikin ido kuma ya koma nan take idan gani ya ragu ko ciwo ya ƙaru.

6. Ƙarasa aikin allura

A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa yadi, a sake wankewa kafin a taɓa bandeji. Kaushin hunturu yana kama zaren siliki ya tsinka shi, to man kaɗanya ko basilin da dare ake shafa su, domin da rana za su bar tabo a farin yadi.

Kafin a soka allura, a duba bayan aikin a ga sili nawa aka yi amfani da su tun farko da kuma inda aka tsaya. Hannun da ya yi kwanaki bai yi aiki ba yakan ja zare ya matse ko ya sake, don haka a yi taku goma ko ashirin a kan wani ƙyalle dabam har hannu ya dawo. Idan zanen fensir ko na alli ya dushe, a sake bin sa duka da rana kafin a ci gaba, musamman a wurin da ake son daidaito kamar adon dagi ko na bakin aska a babbar riga, inda karkata kaɗan ke bayyana daga nesa.

Tsawon zare shi ne abin da na fi so a kula da shi. An saba yanko zare mai tsawo don kada a yi ta zurawa, sai hannu ya riƙa tashi sama da kafaɗa a kowane taku. Wannan ɗaga hannu sau ɗaruruwa yana jan fatar ƙirji, hammata da gefen ciki. A yanka kamu ɗaya kawai, daga kan yatsa zuwa gwiwar hannu, wajen inci 18. Gajeren zare ba ya harɗewa, ba ya yin gashi, kuma gwiwar hannu ba ta barin matashi. Mataimaki ya zura allura biyar ko shida da safe ya jera su a ƙyalle, kowace da launinta.

Ga hula, a gama launi ɗaya a zagaye duka kafin a shiga na biyu, sannan a bar haɗa kai da jiki zuwa ƙarshe, a auna da tef a tabbatar lambar mai hular ba ta ragu ba, domin cikakken ɗinki yana tsuke yadi. Ga zanen gado, a naɗe ɓangaren da ba a aiki a kai a ɗora shi a kan tebur ko hannun kujera, abin da ke cikin firam kaɗai ya zauna a cinya, kuma a cire firam bayan kowane zama don kada ya bar zobe. Ga babbar riga, aljihu da wuya ana iya yin su a zaune idan wani ya ninke sauran rigar ya ajiye nauyinta a gefe. Aikin baya mai faɗi ya jira mako na uku. A rufe kowane zare ta hanyar zura shi ƙarƙashin taku huɗu ko biyar a baya, ba da ƙaton ƙulli ba.

Gargaɗi: kada a riƙe allura ko fil a baki, kada a soke su a katifa, filo ko gaban riga. A ƙirga su kafin zama da bayan zama, domin gidan majinyaci cike yake da 'yan dubiya da yara masu rarrafe. Da an ji sallama, a rufe faranti. Idan allura ta soki yatsa, a wanke da sabulu, jinin da ya taɓa yadi kuma a goge shi nan take da ruwan sanyi, tunda ruwan zafi yana kama shi. Mai ciwon sukari ya sa abin yatsa koyaushe, domin ƙaramin rauni a wurinsa yana jinkirin warkewa.

7. Bargon ƙyallaye

Bargon nan hawa uku ne: fuska da aka haɗa daga ragowar atamfa, shadda da yadi, sai ciko a tsakiya, sai shafi a baya. Hanyar ƙarasa shi ta danganta da inda aka tsaya.

Idan ba a riga an haɗa fuskar duka ba, an yi sa'a, domin ana iya yin bargon gida-gida, wato a raba shi ƙananan yankuna masu kusurwa huɗu, kowane gida a gama shi da cikonsa da shafinsa a kan cinya. Ga lissafin bargo mai inci 60 a faɗi da 84 a tsawo, wanda ya dace da katifa mai ƙafa 6 da 4 da rabi. Ana bukatar gida 35 masu inci 12, biyar a jere sau bakwai. Kowane gida ƙyalle huɗu ne masu inci 7 kowane gefe, idan aka haɗa su da rabin inci na cin ɗinki sai su ba da inci 13. Jimillar ƙyallaye 140 ke nan. Shafin kowane gida a yanka inci 14, ciko inci 13. Atamfa mai faɗin inci 45 tana ba da shafi uku a jere, don haka yadi 5 ya isa, turmi ɗaya mai yadi 6 kuma zai bar ragowar da za a yi baki da ita. Bargon jariri gida 12 ne kacal, inci 36 da 48, kuma shi na fi ba wa majinyaci shawarar ya ƙarasa da farko.

Yanka ba aikin majinyaci ba ne a makon farko, domin yana bukatar tsayuwa da sunkuyo. A yanka kwali mai inci 7 a ba mataimaki ya zana ya yanka. Sabuwar atamfa a wanke ta kafin a yanka, saboda tana tsukewa kuma wata tana zuba. Kada a haɗa leshi ko yadi mai santsi da atamfa a gida ɗaya, ba sa jan ɗinki daidai.

Wajen ciko, tsohon bargo marar nauyi da aka wanke ya fi komai, domin ba ya motsi kuma allura tana ratsa shi. Audugar da aka gurza tana da ɗumi da araha a Zamfara, amma tana dunƙulewa a wanki idan layukan ɗinki suka yi nisa da juna, don haka kada tazararsu ta wuce faɗin yatsu uku. Soso ba na son sa: yana riƙe zafi, yana marmashewa bayan 'yan shekaru.

A shimfiɗa shafi fuskarsa ƙasa a kan faranti ko katako a cinya, a ɗora ciko, a ɗora fuska. A riƙe su da manyan taku na wucin gadi daga tsakiya zuwa kusurwa huɗu. Sannan a yi ɗinkin gaske da ƙananan taku madaidaita, daga tsakiya zuwa waje, ana duba baya lokaci-lokaci a tabbatar allura ta ratsa hawa ukun. Daidaiton taku ya fi ƙanƙantarsa muhimmanci. A bar inci ɗaya a kowane gefe ba a ɗinke ba, nan ne za a haɗa. Gida ɗaya ko biyu a yini ya isa.

Wajen haɗawa, a kife fuskokin gida biyu a kan juna, a janye ciko da shafi baya, a ɗinke fuskokin kaɗai da ɗinki mai komawa baya. A buɗe, a rage ciko har bakunansa su haɗu ba tare da sun hau juna ba, a kama su da zare. Sai a kwantar da shafi ɗaya, a kalmashe bakin ɗayan a kansa, a bi da ɓoyayyen taku. A yi jere bakwai masu gida biyar-biyar a ajiye. Haɗa jeren da juna shi ne matakin da nauyi ke taruwa, a yi shi a kan tebur, bayan likita ya sassauta hanin ɗaga kaya.

Idan kuwa an riga an haɗa fuskar sukutum, shimfiɗawa da riƙewa aikin mutum biyu ne masu lafiya. A nan 'yan dubiya suke da amfani: ƙanwa da maƙwabciya su baza shafi a kan tabarma mai tsabta, shafi da ciko su zarce fuska da inci 4 a kowane gefe, su riƙe daga tsakiya zuwa waje da layuka masu tazarar tafin hannu, majinyaci yana kan kujera yana nuna musu inda ya tattare. Daga nan a naɗe bargon ta gefe biyu a ɗora a kan tebur, majinyaci ya ja kujera kusa ya ɗinka abin da hannunsa ya kai.

Gargaɗi: kada a durƙusa, kada a ja bargo da ƙarfi idan ya maƙale, kuma kada a lulluɓe cinya da shi a watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu. Gumin da ke taruwa a ƙarƙashinsa yana jiƙa bandeji, kuma jiƙaƙƙen bandeji sai an canza shi.

8. Rufe baki

A daidaita gefuna da almakashi. Kewayen bargo mai inci 60 da 84 inci 288 ne, a ƙara 12 don kusurwa da haɗi, ya zama 300. A yanka tsiri bakwai masu faɗin inci 2 da rabi daga faɗin atamfa, rabin yadi ke nan, a haɗa su, a ninka biyu a tsawo. A ba tela ya ɗinka shi ta fuska da keke, aikin 'yan mintuna ne a wurinsa. Juya shi baya da bin sa da ɓoyayyen taku aikin hannu ne mai sauƙi, gefe ɗaya a yini. Bayan nan a zare zaren wucin gadi.

9. Wanki, guga da komawa kan keke

Kafin ruwa ya taɓa aiki, a jiƙa farin ƙyalle a danna a kan jan zare, baƙi da shuɗi. Idan launi ya fito, a wanke da ruwan sanyi cikin hanzari ba tare da jiƙawa ba, a shanya a inuwa. Jiƙaƙƙen bargo yana ninka nauyinsa, don haka wanki, matsewa da shanya duk na wani ne. Aikin allura ana goge shi ta baya, fuskarsa a kife a kan tawul, domin kada zaren ya kwanta. Dutsen guga na gawayi yana da nauyi, yana zubar da toka, majinyaci ya bar shi. Hula ta tafi wurin mai wankin hula ya sa mata sitaci ya ɗora a gungume, riga ta tafi wurin masu bugu, a gaya musu irin zaren da ke jiki.

Keken ƙafa shi ne na ƙarshe da ake komawa. Takawa tana aiki da tsokar cinya da ta mara, kan keken Butterfly ko Singer na ƙarfe kuma ya haura kilo 10, don haka ko ɗaga shi don zuba mai ba na mai sabon ɗinki ba ne. A jira ranar komawa asibiti, a tambayi likita kai tsaye. Idan ya amince, a fara da minti 10 a kan yadi marar nauyi, a tsaya, a duba raunin da yamma da kuma washegari da safe. Idan babu sabon ciwo ko kumburi, a ƙara minti 10 a rana ta gaba. Idan akwai, a rufe keken na mako ɗaya, a ci gaba da aikin hannu, a sanar da likita.